Wanda Ya Zauna wa Zubairu Jarrabawa

Ku matso kusa. Ummita, kashe fitilar wayar nan, ba a wannan hira da haske a ido. Kai kuma Sagir, in ka san za ka jiƙa wa mutane katifa, tashi tun yanzu, kar gobe a ce Hansatu ce ta jawo.

Ba tatsuniya ba ce, don haka kar wanda ya ce mini ta zo mu ji ta. Ƙarshen labarin da idona na gani. Farkonsa kuwa mai shi ne ya ba ni da bakinsa, kansa a ƙasa har ya gama.

Kun san Yaya Zubairu, ɗan Gwaggo Kande ta Ringim. Shi da ya zo bara ya ja wayoyin kwamfuta a makarantarku. Kun taɓa lura, in wani ya ce masa Injiniya, yadda yake yi kamar bai ji ba? To, yau za ku ji dalili. Amma in kun gan shi, bakinku ƙanin ƙafarku.

Lokacin yana Kano, yana koyon haɗa kwamfutoci su riƙa magana da juna, abin nan da suke ce wa netwokin. Makarantar a wani tsohon sito take, na zamanin gyaɗa, can bayan layin dogo. An yanyanka shi aji-aji da katako. In ka gama koyo, akwai jarrabawar matakin farko, wadda ake ba da satifiket. A gaban kwamfuta ake yin ta, agogo na cin lokacinka a gefen allo. Kana danna ka gama, sakamakonka zai fito ya dube ka. Ba jira, ba wanda za ka roƙa.

Zubairu ba daƙiƙi ba ne, kar ku ɗauka. Hannunsa na da kyau. Wayar nan mai 'yan silili kala-kala a ciki, ido rufe zai jera su ya danne mata kai. Abu ɗaya ke kayar da shi, rabon adireshi. Kowace kwamfuta tana da lambarta, kamar lambar gida. Sai a ba ka unguwa guda a ce ka yanka ta lungu-lungu, ka ba kowane gida lambarsa, kar biyu su yi karo. Malaminsu, Malam Sadisu, kullum yana nanata musu: in na'ura biyu suka ɗauki adireshi ɗaya, dole ɗaya ta faɗo daga layi. Tana nan a kunne, lafiyarta ƙalau, amma ba mai jin ta. Zubairu ya gane wannan sarai. Lissafin ne, da ya ga agogo na gudu, sai kansa ya ɗaure.

Ya shiga jarrabawa, ya faɗi. Ba da nisa ba. Amma faɗuwa ba ta da ƙarama.

Ya hau mota ya nufi Ringim, yana ta shirya yadda zai faɗa. Yana sauka a tasha sai ga mahaifinsa, Baba Ɗayyabu kafinta. Ya rufe shago, ya sa babbar riga, ya kwaso abokan majalisarsa sun zo tarba. Tun kafin Zubairu ya gama durƙusawa, a gaban mutanen nan, ya ce, "An dace?"

Zubairu ya dubi fuskar tsohon. Ya dubi abokan uban. Ya ce, "An ci, Baba. Takardar ce sai daga baya."

Shi ke nan. Magana zarar bunu ce. Kafin magariba duk layinsu an sa masa Injiniya. Baba Ɗayyabu ya fi kowa jin daɗin sunan, don ga shi ya samu abin da zai riƙa kiran ɗan farinsa da shi ba tare da kunya ba. Injiniya zo, Injiniya tafi. Kowane kira kamar an ɗiga wa Zubairu ruwan zafi a ƙeya.

Bari in faɗa muku halin Gwaggo Kande, don ku 'yan yanzu ba za ku gane ba. Ku da iyayenku mata ke sa hotonku a waya suna yi muku kirari. Gwaggo mutuniyar da ce. Zubairu ɗan farinta ne, kuma tun ranar suna ba ta taɓa furta sunansa ba. Yaron nan, take cewa. Ko wancan. In baƙo ya zo mai suna irin nasa, sai ta ce mai sunan yaron nan. Ba ta kallon idonsa. Abincinsa ƙanwarsa take ba ta kai masa. Shi ma in zai gaishe ta, daga bakin ƙofa yake tsugunawa, ido a ƙasa. Ba ƙiyayya ba ce, Ummita, rufe bakinki. Kunya ce. Naman da ya fi kowanne tsoka a tukunya, a kwanonsa ake samun sa.

Zubairu ya koma Kano, ya sake rajista a ɓoye. Aka ba shi wata Asabar. Dabararsa, in ya ci ranar, ya kawo takarda, ƙarya ta zama gaskiya, ba wanda ya ji. Sai ya yi kuskuren aika wa gida cewa ranar Asabar ɗin zai karɓo takarda. Baba Ɗayyabu ya ce to ranar za a yi walima, bayan la'asar. Ya gayyaci Liman. Ya gayyaci mai unguwa. Har mu daga nan aka aiko mana, ni aka tura in taya girki.

Kun ga yanzu ba jarrabawa kaɗai ke gabansa ba. In ya sake faɗuwa, a gaban garin Ringim za a tsiraita shi, shi da ubansa.

Ga shi yana buƙatar ɗakin gwaji, inda na'urorin suke. Ga shi kuma ba ya son sababbin ɗalibai su gan shi, su ce wannan ba shi ne ya gama ba? Malam Sadisu ya tausaya masa ya ba shi mukulli, ya ce ya zo duk lokacin da ya ga dama. Sai Zubairu ya zaɓi lokacin da ya tabbata ba kowa. Ranar Juma'a, rana tsaka, sa'ad da kowa ya tafi masallaci.

Kun ɗauka da dare kawai suke fita? Wa ya gaya muku? Tsakar rana ma tasu ce. Musamman wurin da aka watse aka bari, musamman ga mutumin da ya ji kiran salla ya toshe kunne.

Juma'ar ƙarshe, jajibirin jarrabawa. Ya buɗe sito ya shiga. Ko sallama bai yi wa ɗakin ba. Ya kunna na'urori. Akwai wani akwatin ƙarfe mai ramuka a jere, suwic suke ce masa, shi ke haɗa kwamfutocin. In ka jona waya a rami, in akwai na'ura a ɗaya bakin, sai 'yar fitila koriya ta kama. Yana cikin haɗa gwajinsa sai waya ɗaya ta gaza masa. Sauran suna cikin kabad a kulle.

Ya duba nan, ya duba can. Bayan benci, ƙasa-ƙasa, ya ga wata tsohuwar waya ta fito daga wani rami a bango. Toka-toka ce, saƙar gizo-gizo ta lulluɓe ta. Amma kanta lafiya lau, kamar jiya aka danne shi.

Malam Sadisu yana da doka, ranar farko yake kafa wa kowane ɗalibi. Kar ka jona wayar da ba ka bi ta da hannunka ka ga ɗaya bakinta ba. Zubairu ya tuna. Ya ce a ransa, gwaji ne kawai. Ya busa ƙurar, ya jona.

Fitila koriya ta kama.

Ya tsaya. Ai bayan bangon nan ba ofis, ba gida. Fili ne da ciyayi. Ya zauna gaban kwamfuta ya aika 'yar gaisuwar nan da suke aikawa don su ji ko akwai na'ura a can. Amsa ta dawo nan take.

Sai wuta ta ɗauke. Fanka ta tsaya. Allon ya yi baƙi. Duk fitilun akwatin suka mutu, ban da ɗaya. Ta wayar nan. Tana ƙiftawa a hankali.

Da ma yana jiyo huɗuba daga lasifikar masallaci can nesa. Ya kasa kunne. Babu. Ko kukan kaza babu. Sai wani ƙamshi, irin na ƙasar da aka haƙo daga rijiya.

"Ka kira."

Ya juya. Mutum ne zaune a kan benci. Matsakaici, farar riga irin ta ma'aikata, biro a aljihu. Ƙofa kuwa tana nan a sakaye yadda ya bar ta.

Zubairu ya ce, "Ban kira kowa ba."

"Ka jona. Ka gaishe ni. Na amsa."

A nan ya lura da abu na farko. Bakin mutumin yana motsi ya gama, sannan murya ta iso. Kamar in kuna kallon bidiyo a waya sabis ba kyau.

Mutumin ya miƙa hannu ya ɗauki takardar tambayoyin gwaji da ke kan tebur. Bai duba ba. Ya ce, "Karanto."

Zubairu, kamar wanda aka ɗaure, ya fara karanta tambayar rabon adireshi, irin wadda ke cinye masa lokaci. Bai kai ƙarshe ba amsa ta zo. Zubairu ya duba amsar a bayan takardar. Daidai. Ya karanta wata. Daidai. Ya zaɓo wadda ko Malam Sadisu sai ya ɗauki alli. Daidai.

Sai idonsa ya sauka ƙasa. Takalma ne na fata, masu kyau. Duk biyun na ƙafar hagu. Kuma sun zauna wa ƙafafun daram.

Sagir, sakar mini zane.

Ku ji wannan da kyau, don shi ne abin da ke ci wa Zubairu rai har gobe. Ba yaudararsa aka yi ba. Ya gani, ya gane. Ayatul Kursiyyu na bakinsa, tun yana ƙarami ya haddace. Ƙofa na bayansa. Amma ya tuna babbar rigar ubansa a tasha, sai ya zauna.

Mutumin ya ce, "Gobe za ka faɗi."

Sannan ya ƙara da cewa:

"Ara mini fuskarka. In zauna maka."

"Me za ka karɓa?"

"Wurin zama. Na ɗan lokaci."

"Ka dawo mini da ita?"

"Ka jira ni a nan." Bakin ya tsaya, murya ta ƙarasa. "Bar wayar a jone. Kawo katinka. Faɗi sunanka."

Ya zaro katin shaidarsa ya miƙa. Yatsun da suka karɓa sanyi ƙalau. Ya faɗi sunansa, har da na uba. Mutumin ya maimaita, sai Zubairu ya ji muryarsa ce ke fitowa daga bakin wani. Fanka ta motsa, wuta ta dawo. Benci ba kowa.

Washegari tun da safe ya koma sito ya zauna jira. Hantsi ya yi. Azahar ta yi. Ba kowa. Ya leƙa baƙin allon kwamfuta don ya ga ko idonsa ya faɗa. Ya ga benci, ya ga taga. Bai ga kansa ba.

Ya yi tsalle ya kama wayar zai fizge. Yatsunsa suka zame kamar ya kama sabulu. Ya sake. Suka zame.

Sai ga Malam Sadisu ya turo ƙofa. Zubairu ya ce, "Malam, sannu da zuwa." Malam ya dudduba, ya yi tsaki, ya ce, "Yaron nan ya bar mini ɗaki a buɗe." Zubairu ya tsaya a gabansa, ya ɗaga murya. Malam ya ratsa ta gefensa ya je yana rufe taga. Sai wayar Malam ta yi ƙara a aljihu.

Ya ɗauka. "Zubairu, yaya? Kai, madalla. Ko ɗaya ba ka faɗi ba? Allah Ya sa albarka. Kana hanyar Ringim ke nan? To, a gaida su Baba."

Zubairu ya ce mini a nan ne ya gane. Karatun Malam ne ya dawo masa. Biyu sun ɗauki adireshi ɗaya. Shi ne wanda ya faɗo daga layi.

Ya fice kafin a kulle shi. Ya je tasha ya shiga mota, ba wanda ya ce masa kanzil. Wata mata ta ɗora masa buhun albasa a cinya, ta ɗauka kujera ce ba kowa. Haka ya riƙe mata har Ringim.

Daga nan ni zan karɓa, don ina gidan.

Muna tsakar gida muna kwashe shinkafa sai ga Zubairu ya shigo. Wanda muka ɗauka Zubairu ne. Shadda sabuwa, takarda a hannu. Yara suka yi ta Injiniya, Injiniya. Bai yi sallama ba, amma hayaniya ta hana mu lura. Ya wuce mu kai tsaye ya ɗaga labulen Gwaggo. Ina bakin ƙofa na gani. Ya zauna mata a bakin gado. Ya dubi tsakiyar idonta. Ya ce, "Inna, na ci. Ba ki yi murna ba?"

Gwaggo ta kau da kai. Ya yi murmushi ya tashi ya fita zaure, wurin maza.

Can aka ce in kai ruwan wanke hannu. Zaure ya cika. Liman, mai unguwa, 'yan majalisa. Baba Ɗayyabu bakinsa har kunne, takarda na yawo hannu zuwa hannu, har da waɗanda suka riƙe ta a juye. Ɗansa na gefensa, kafaɗa da kafaɗa. Na ajiye buta, na sunkuya ina gyara takalman baƙi a bakin ƙofa, don kar a tattake. Na zo kan wasu na fata, masu kyau. Na juya su in jera. Suka ƙi jeruwa. Na sake juyawa. Duk biyun gefe ɗaya suka kalla.

Na ɗaga ido a hankali. Wanda muka ɗauka Zubairu ne ya tanƙwashe ƙafa, riga ta rufe. Amma manyan yatsun sun leƙo. Su ma gefe ɗaya suka kalla. Kuma kwanon gabansa, ana ta ci, shi ko loma bai kai ba.

Ban san yadda na koma ciki ba. Na sami Gwaggo zaune inda ya bar ta. Na raɗa mata. Ko gezau ba ta yi ba.

Ta ce, "Na sani. Tun da ya zauna mini a gado."

Na ce, "Gwaggo, a kira Liman."

Ta ce, "Liman na zaure, Hansatu. Kwano ɗaya aka ajiye musu."

Abin da ba mu sani ba, duk wannan lokacin Zubairu na gaske yana gidan. Ya yi sallama a zaure har muryarsa ta dushe. Ya tsaya yana kallon ubansa na dafa kafaɗar wani yana alfahari, irin alfaharin da shi bai taɓa samo masa ba. Ya shigo ciki ya tsuguna a bakin ƙofar Gwaggo, inda ya saba. Ni kaina na wuce ta kansa. Daga baya ya ja jiki ya koma gindin randa ya zauna. Ya ce har ya fara tunanin ko ya bar musu wancan, tunda ya fi shi amfani.

Rana ta yi ja, magariba ta kusa. Gwaggo ta tashi ta yafa mayafi. Ta nufi zaure. Matar da ko mai tallan manja ya yi sallama sai ta aiki yaro. Ta tsaya a ƙofar da ta raba zaure da tsakar gida, inda maza ke ganin ta, mu ma muna ganin ta. Hira ta tsaya.

Ta buɗe baki ta rufe. Sannan ta ce, "Zubairu."

Carbin Baba Ɗayyabu ya faɗi a tabarma. Liman ya sunkuyar da kai. Hadiza, ƙanwar Zubairu, ta toshe baki da hannu. Duk wanda ke gidan nan ya san abin da ya ji bai taɓa faruwa ba. Mutum ɗaya ne bai girgiza ba. Ya juyo da fara'a, bakinsa ya motsa, sannan murya ta biyo.

"Na'am, Inna."

Gwaggo ta dube shi. Karo na farko da na ga ta dubi wannan fuskar kai tsaye.

Ta ce, "Wanda na haifa ba zai iya amsa mini haka ba."

Ta juya masa baya ta fuskanci tsakar gida. Ba kowa sai mu da tukwane. Hawaye na zubo mata. Ta sake cewa, a hankali, "Zubairu. In kana nan, yi magana."

Muka dudduba tsakar gidan. Daga baya Zubairu ya ce mini ya yi ƙoƙarin cewa na'am, ta ƙi fita. Ya ce ga ni, ba wanda ya ji. Ya ce ni ne Zubairu, iska ta kwashe. Duk abin da zai faɗa, wancan ya riga ya mallake. Sunan, fuskar, cin jarrabawar. Abu ɗaya ya rage wanda nasa ne shi kaɗai, wanda bai ba kowa aro ba, don bai taɓa fito da shi ba.

Sai muka ji murya daga gindin randa. Ƙarama, a dushe.

"Inna, ban ci ba. Na faɗi tun wancan karon. Ƙarya na yi wa Baba."

Ina kallon wurin. Wallahi ba kowa, sai ga mutum. A tsugune, tsohuwar riga, bawon albasa a cinya, fuskarsa cikin tafukansa. Kuma maganar ta shiga zaure tsaf. Liman ya ji. Mai unguwa ya ji.

Wancan ya miƙe. Fuskar Zubairu ta fara zame masa, ban tsaya na ga abin da ke ƙasa ba, kuma kar ku tambaye ni. Liman ya ɗaga murya da Ayatul Kursiyyu. Shi kuwa wancan ya ratsa mutane ba gaggawa, ya zura takalmansa. A bakin ƙofa ya waiwayo, bakinsa ya motsa. Sai da ya ɓace sannan muryar ta iso.

"Wayar tana jone."

Ladan ya kira salla.

Takardar tana hannun mai unguwa. Ya duba, fara fat, ba ko ɗigon tawada. Ya ajiye ta a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Baƙi suka tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya fake da alwala. Ba wanda ya dubi Baba Ɗayyabu, don a rage masa nauyi. Shinkafa ta kwana a faranti.

Ni na ɗauka Baba Ɗayyabu zai yi duka, ko ya yi kora. Bai yi ba. Ya shigo ya tsaya kan ɗansa, ya daɗe. Ya ce, "Da a tasha ka faɗa mini, kunyar yini ɗaya ce." Ya cire babbar rigar ya rataya a igiyar shanya, ya tafi masallaci da 'yar ciki. Ya fi wata bai zauna a majalisa ba.

Gwaggo kuwa ɗaki ta shige ta saki labule. Kwana da kwanaki ba ta iya haɗa ido da kowa ba, har da mu. Ba don ɗanta ya faɗi ba. Don maza sun ji sunan a bakinta.

Da gari ya waye Zubairu ya koma Kano ya faɗa wa Malam Sadisu komai. Wannan ma wata kunyar ce. Aka duba, a wurin masu jarrabawa an rubuta bai halarta ba. Suka je sito su biyu, da bismilla. Fitilar na nan tana ƙiftawa. Malam ya sa shi ya bi wayar da hannunsa, yadda ya kamata ya yi tun farko. Ta ratsa bango, ta shiga ƙasa, suka bi ta da fartanya cikin ciyayi. Ta ƙare a bakin wata tsohuwar rijiya da aka cike. A gutsure take, silili a waje, ba a jone da komai ba. Zubairu ya koma ciki ya kama kanta. Wannan karon ta fito. Katinsa kuwa ba a sake ganin sa ba, sai sabo ya yi.

Ya koma aji. Cikin sababbin ɗalibai, a layin gaba, ƙannen bayansa na yi masa dariya a ɓoye. Ya ce su yi. Rabon adireshin nan ya zauna masa da alli da allo har ya daina tsoron agogo. Ranar Juma'a kuwa tun kafin liman ya hau mumbari yana sahun farko.

Da ya sake shiga jarrabawar, ya ci. Da ƙyar, kamar mai tsallake kwata da kaya a ka. Ba walima, ba tarba a tasha. Ya shigo gida ya yi sallama, ya tsuguna a bakin ƙofar Gwaggo, ya tura takardar ta ƙarƙashin labule. Ba ta iya karatun boko ba. Ta riƙe ta ta daɗe. Sannan ta ce wa Hadiza, "Ce wa yaron nan abincinsa na cikin kwano, kar ya huce."

Har yau ba ta sake faɗin sunan ba. Shi ya ce mini, a duk rayuwarsa sau biyu ya ji sunansa a bakin uwarsa, kuma duk biyun a ranar da ya fi son ƙasa ta tsage ya shige. Ya ce bai san ko ya yi fatan manta ranar ba, ko ya riƙe ta.

To, kun ji. Kai Sagir da kake cewa kwamfuta za ka karanta, in Allah Ya kai ka Kano, sito yana nan bayan layin dogo. Kar ka shige shi kai kaɗai, kar ka shige shi ana huɗuba. Wayar da ba ka ga ɗaya bakinta ba, bar ta inda ka gan ta. In kuma ka faɗi, ka zo gida ka ce ka faɗi. Za mu yi maka tsiya, mu ba ka tuwo.

Ku tashi haka. Kowa ya yi addu'a ya tofa, ya shafe jikinsa. Ummita, leƙa ki shigo mana da takalman nan daga bakin ƙofa. A'a, ba ni zan raka ki ba. Ki dai duba su da kyau kafin ki ɗauka.